Gidan da Ya San Lissafin Ruwansa da Wutarsa

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta]

Gaisuwar yau ta musamman ce ga mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa, tun daga Kwanar Ɗangora har can duwatsun Riruwai. Uwargida da ke gindin murhu, maigida da ke zaure, ɗan garuwa da ya jingine kura yana shan iska, a matso kusa da rediyo. Zancen yau na cikin gida ne: ruwan da ke shigowa, da wutar da ake ƙonawa, da yadda gida zai riƙa taya mu kula da su.

A ƙasashen Turai da Amurka an daɗe ana gina gidaje masu sarrafa kansu. Mutum ya fita daga ɗaki, fitila ta mutu da kanta. Bututun ruwa ya fashe da tsakar dare, wata na'ura ta ji, ta datse ruwan, ta aika wa mai gidan saƙo a waya. A shekarar 2011 wani kamfani mai suna Nest ya fito da wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a bango, tana koyon lokacin fitar mutanen gida da lokacin dawowarsu, tana rage ɗumama ɗaki ko sanyaya shi idan babu kowa. A 2014 Google ya saye kamfanin a kan dala biliyan 3.2.

Na san abin da mai sauraro a Burji ko Kafin Maiyaki ko Rahama zai ce. Zai ce, Malam, mu da mukan yi kwanaki ba mu ga ƙyallin wuta ba, mu da sai an hau tudu ake samun sabis, ina mu ina gidan da ke aika saƙo? Maganarsa kuwa tana kan hanya. Amma in aka ajiye ƙyale-ƙyalen a gefe, aikin waɗannan na'urori bai wuce su auna abin da ake amfani da shi ba, su sanar da mutanen gida, sannan su tsayar da abu idan ya isa. Wanda famfonsa ba ya ƙafewa, ko bai auna ba ɗan kuɗi kawai zai ƙara biya. Wanda ke sayen ruwa jarka-jarka, yana sayen fetur lita-lita tun da aka cire tallafi a watan Mayun 2023, shi rashin awo ke kassarawa. Don haka a ganina mun fi su buƙatar gida mai lissafi, sai dai namu zai bi tamu ƙasar da namu aljihun.

Bari mu fara da ƙasar da muke takawa. Ta sama, Allah Ya yi wa yankin nan baiwa. Daminarmu ta fi ta arewacin jihar Kano tsawo, kuma a shekara mai kyau ruwan da ke sauka yakan kai milimita 1,000, a wajen Doguwa ma yakan haura. Kogin Kano ya ratso dajin Falgore ya iso Tiga, inda gwamnatin Audu Bako ta datse shi tsakanin 1971 da 1974. Madatsar tana iya riƙe ruwan da ya kusa kubik mita biliyan 2. Da shi ake noman rani a Kadawa da Kura da Bunkure, daga cikinsa ne kuma ake tace wani kaso na ruwan da birnin Kano ke sha a Tamburawa. Gwamnatin jiha ta kafa tashar lantarki mai ƙarfin megawat 10 a jikin madatsar. Duk da haka akwai ƙauyukan da ke hango ruwan Tiga da ido, amma abin dogaronsu rijiya ce da burtsatse. Wannan abu ne da ya kamata ya hana hukuma barci, kuma ba za mu daina faɗa ba.

Ta ƙasa kuwa labarin daban ne. Ƙarƙashin ƙafarmu dutse ne, irin wanda ya fito fili a Riruwai inda aka daɗe ana haƙar kuza. A irin wannan wuri ruwan ƙasa ba a shimfiɗe yake ko'ina ba. Yana maƙale ne a tsagar dutse, da kuma cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke samansa. Shi ya sa wani zai haƙa burtsatse ya dace, maƙwabcinsa ya haƙa tasa can gaba kaɗan ya tashi a tutar babu. Shi ya sa rijiyoyi ke ja da baya daga watan Maris zuwa Mayu, a yi ta ƙara wa guga igiya. Abin da ke cikin tsagar nan ƙayyadadde ne, damina ce kaɗai ke mayar da shi, kuma unguwa gaba ɗayanta daga wuri ɗaya take ja.

To, a zaga unguwa da hantsi a kasa kunne. Da wuya a rasa jin ruwa yana kwarara daga saman tankin wani gida, ko na masallaci, ko na makaranta. An kunna injin nan na cikin burtsatse da masu gyara ke kira sumo, an tafi kasuwa. Ko kuwa an ce wa yaro ya kashe in ya cika, yaro ya bi 'yan ƙwallo. Mu yi lissafi. A ɗauka injin yana turo lita 30 a minti ɗaya. Minti goma na ambaliya lita 300 ke nan, wato jarka 12 irin mai cin lita 25. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar lita 20 a matsayin mafi ƙarancin abin da mutum ɗaya ke buƙata a yini don sha da girki da ɗan tsafta. Ka ga a minti goma an zubar da rabon mutum goma sha biyar a kwata, ga kuɗin fetur ko na wutar da aka ɗaga ruwan da su.

Maganin wannan ɓarnar ƙarami ne, kuma masu gyaran famfo sun san shi sarai. Wani makunni ne mai iyo da ake ratayawa a cikin tanki. Ruwa ya taso ya ɗaga shi, sai ya yanke wa injin wuta. Ruwa ya sauka, sai ya mayar. Ba ya neman intanet, ba ya neman kati, ba ya mantuwa, kuɗinsa kuma ƙalilan ne in an gwada da kuɗin tankin kansa. Akwai ɗan'uwansa da ake sakawa a cikin burtsatsen, wanda ke tsayar da injin idan ruwa ya ja ƙasa, don kada ya yi ta juyawa a bushe har ya ƙone. Wanda ya taɓa biyan kuɗin zaro sumo da ya ƙone a tsakiyar bazara ya san darajar wannan. Maigida, in abu ɗaya tak za ka iya saya a bana, to wannan makunnin nake ba ka shawarar ka fara da shi.

Ina so in ɗan tsaya a nan, domin akwai wani sabon al'amari da ke damuna. Burtsatse mai aiki da sola ta yaɗu a garuruwanmu, kuma alheri ce babba. Mata sun huta da buga tuƙa-tuƙa, an huta da karo-karon kuɗin mai. Amma a da, tsadar fetur ita ce mai gadi. Ba wanda zai bar janareta yana ci tanki yana ambaliya, don zafin zai taɓa aljihunsa. Yanzu rana ke biya, sai kowa ya saki jiki. Daga fitowar rana har faɗuwarta injin yana ja, tanki ya cika ya yi ta zuba, gindinsa ya zama taɓo da matattarar sauro, rijiyoyin maƙwabta kuma su ƙafe tun kafin lokacinsu ba wanda ya san dalili. Hasken rana ba ya ƙarewa, amma ruwan da ke cikin tsagar dutse yana ƙarewa. Saboda haka duk wanda zai kafa wa jama'a burtsatse mai sola, ƙaramar hukuma ce, ko hukumar samar da ruwa a karkara ta jiha wato RUWASA, ko ɗan majalisa, ko wani bawan Allah da ke neman lada, kada a karɓi aikin sai an ga makunnin nan a cikin tanki. Da so samu ne har da mitar ruwa a bakin bututu, kwamitin unguwa ya riƙa rubuta abin da aka ja a mako. Masu unguwanni da dagatai, Allah Ya ja zamaninku, wannan tambaya ce da ku za ku iya yi wa ɗan kwangila ya tsaya ya amsa.

Kada kuma a ɗauka irin wannan dabara sai ƙetare. Ga maƙwabtanmu a Jamhuriyar Nijar. Wani ɗan ƙasar mai suna Abdou Maman Kané ya ƙirƙiro hanyar da manomi zai kunna injin ban-ruwa ko ya kashe shi da wayarsa, yana gida ko yana kasuwa, injin kuma da sola yake aiki. Wannan aikin ya sa aka ba shi babbar kyautar ruwa ta Sarki Hassan na Biyu na Moroko a 2015, a taron duniya kan ruwa da aka yi a Koriya ta Kudu. Abin da ya burge ni shi ne ya gina dabarar a kan wayar da talaka ke riƙe da ita. A Yamai kuma kamfanin CityTaps ya haɗa hannu da kamfanin ruwa na ƙasar aka saka wa gidaje mitar da ake loda wa kuɗi ta waya kaɗan-kaɗan, mai gida yana ganin abin da ya sha, in ruwa na zurarewa a wani wuri ya gane da wuri. Can a Afirka ta Kudu, da fari ya kusa ƙafar da madatsun birnin Cape Town a 2018, an ƙayyade wa kowane mutum lita 50 a yini, ana sanar da jama'a a kai a kai abin da ya rage a madatsun. Ruwan da birnin ke sha ya ragu da wajen rabi, famfuna kuma ba su kai ga ƙafewa ba. Da mutane suka ga adadin da idonsu, sai hannunsu ya canza.

Famfo mai ɗiga ma kada a raina shi. In yana ɗiga sau ɗaya a kowace daƙiƙa, kafin gobe war haka ya zubar da abin da ya kusa cika jarka. Uwargida, tara kofi a ƙarƙashinsa ki duba agogo, za ki gani da kanki. Sau da yawa 'yar roba ce ta cinye a ciki.

Sai ruwan sama, wanda muke kallo yana bin indararo yana ficewa ta rariya. Ƙa'idar mai sauƙi ce: milimita ɗaya na ruwa a kan murabba'in mita ɗaya na rufi lita ɗaya ne. Rufin kwano mai tsawon mita goma da faɗin mita goma, a shekarar da aka samu milimita 1,000, lita 100,000 ke sauka a kansa. A cire wanda zai fantsame da wanda za a zubar, a ce an tsira da 80,000. Jarka 3,200 ke nan. Ba mai wurin ajiye wannan duka, gaskiya ne. Amma magudana a bakin kwano da tanki ɗaya sun isa su hutar da burtsatse kusan duk damina, wanki da wanka da shayar da dabbobi su koma kan ruwan sama. Ruwan farko a bar shi ya wuce, don shi ke wanko ƙura da kashin tsuntsu. Tanki a rufe shi ruf saboda sauro da yara. Wanda za a sha a tafasa shi ko a saka masa maganin tace ruwa. Rarar kuma, maimakon ta bi titi ta zaizaye shi, a haƙa mata rami a cika da tsakuwa ta nutse a ƙasa, nesa da masai da aƙalla mita 30. Da ruwan ciki ake jan na rijiya, in ji Hausawa, kuma a ƙasa irin tamu maganar ta zauna daidai: abin da muka bari ya nutse da damina shi za mu tarar da bazara.

Ruwan alwala kuwa mai tsabta ne, bai kamata ya ƙare a kwata ba. Malamai sun karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan yi alwala da mudu ɗaya na ruwa, abin da bai kai lita guda ba. Wanda ya saki famfo yana alwala yakan ninka wannan sau da yawa, shi ya sa buta ta fi. A gyara wurin alwala ya gangara zuwa gindin zogale ko gwanda ko ayaba, a gida da masallaci. Ruwan wanki mai omo shi kuma a kai shi masai ko a kwantar da ƙurar tsakar gida da shi, kada a zuba wa ganyen da za a ci ɗanye.

[Gajeren kiɗa]

Masu sauraro, har yanzu muna tare, kuma yanzu za mu koma kan wuta.

Gidan da ke da mitar kati ta kamfanin wuta na KEDCO yana da malami a jikin bango, sai dai ba a cika zama a ɗauki karatunsa ba. Mitar tana nuna yunit nawa ya rage, kuma akwai 'yar jar fitila a jikinta da ke ƙiftawa da sauri idan ana jan wuta da yawa. Ranar da aka kawo wuta, a kashe komai, sannan a riƙa kunna kaya ɗaya bayan ɗaya ana kallon fitilar. A kunna dutsen guga, a kunna hita, a ga yadda take rawa. Daga ranar ba sai an yi wa kowa faɗa ba. Gidaje da yawa a yankinmu har yanzu kuɗin ƙiyasi ake kawo musu, an sha wuta ko ba a sha ba, kuma wannan tsari yana kashe wa mutum zuciyar tattali. Neman mita haƙƙi ne, a ci gaba da nema.

Ga wani lissafin da nake so kowane maigida ya riƙe kafin ya je sayen sola. Tsohon ƙwan lantarki mai zafi yana cin wat 60. Sabon, wanda ake kira LED, yana ba da haske kusan iri ɗaya da wat 9. Gida mai ƙwai shida da ke ci awa shida a dare, da tsohon zai sha sama da yunit biyu kullum, da sabon kuwa kusan kashi ɗaya cikin uku na yunit guda. A wata, wajen yunit 65 ke nan a gefe ɗaya, wajen 10 a ɗaya gefen. Fankar sama ta gargajiya takan ci wat 70 ko fiye, ga kuma fankoki na zamani masu aiki da batir kai tsaye da ba su kai rabin haka ba. Farantin sola mai wat 300, a irin ranarmu, yakan tara yunit ɗaya da 'yan kai a yini. Ka ga gidan da ya sauya ƙwai da fanka, faranti ɗaya ko biyu sun riƙe masa haske da iska da cajin waya da talabijin. Gidan da bai sauya ba sai ya nemi uku ko huɗu, da batir mai girman da zai ɗauke su, batir kuwa shi ne mai cin kuɗin. Mutane da yawa sukan fara daga sama, su sayi faranti da inbata, su jona tsofaffin kaya, batir ya mutu cikin 'yan watanni, su ce sola ƙarya ce. A fara rage buƙata tukuna, sannan a auna abin da ya rage a saya daidai da shi.

Sola ba baƙuwa ba ce a jihar nan. Tun 2018 aka fara haɗa wa shaguna a kasuwar Sabon Gari, a 2019 kuma aka ƙaddamar da tasha mai megawat 7.1 a Jami'ar Bayero. Abin da ya rage mana shi ne iya riƙo. Tsakanin faranti da batir akwai wata 'yar akwati da ke tsare batir kada ya sha caji fiye da kima, kada kuma a zuƙe shi ƙaf. Idan ta yanke wuta da dare, aikinta take yi. Batirin ruwa in ana yawan sauke shi ƙasa da rabi, kwanansa ya ƙare da wuri. Kada a bari wani ya tsallake ta da waya don a ƙarasa kallon ƙwallo. Aikin da ke cin wuta, irin su ɗaga ruwa zuwa tanki da daskarar da ƙanƙara, a yi shi da tsakar rana lokacin da faranti ke kan ganiyarsa, akwai ma 'yan agogon da ake jonawa a soket su kunna su kashe a lokacin da aka saita musu. Fitilar ƙofar gida da ta bayan gida a sa irin mai jin duhu ko mai jin motsi. Faranti ya ɗan karkata ya fuskanci kudu, kuma da hunturu a riƙa share masa ƙura da tsumma mai laushi da sassafe, don ƙurar nan tana rage masa ƙarfi sosai.

Amma fa mafi yawan wutar da muke nema da bazara zafi muke gudu, zafin kuma sau da yawa mu muka gina shi da hannunmu. Kakanninmu sun yi soro da tubali, bango mai kauri, rufin azara da ƙasa. Irin wannan ɗaki yana shanye zafin rana a hankali, sai dare ya yi nisa yake sakinsa, da hunturu kuma ya riƙe ɗumi. Mun koma bulo da kwano, ba silin, taga ɗaya ƙarama, ɗaki ya gagari shiga da azahar, sannan mu ce sai fanka. Ba cewa nake a rushe gidaje a koma jiya ba. Wanda zai yi sabon gini dai ya ɗaga rufi, ya sa silin, ya bar kafar da iska mai zafi za ta fita ta sama, ya yi tagogi masu kallon juna, kwano kuma ya zaɓi mai haske ko ya shafa masa farin fenti. Wanda ya riga ya gina, darbejiya ko mangwaro a yammacin ɗaki zai yi masa aikin da ba a biyan kuɗin wata. Magina na gargajiya har yanzu suna nan a garuruwanmu, kuma iliminsu ya cancanci injiniya ya zauna ya saurara.

Haka randa. Marigayi Muhammad Bah Abba, malami daga Jigawa, ya ɗauki sanin da kowace uwa ke da shi cewa randa tana sanyaya ruwa, ya saka ƙaramar tukunya a cikin babba, ya cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, ya rufe da jiƙaƙƙen tsumma. Ruwan yashin yana tsattsafowa yana bin iska, yana tafiya da zafi, tumatir da tattasai da alayyahu su ƙara kwanaki ba su lalace ba. Wannan ya sa ya samu kyautar Rolex a shekarar 2000. Dabarar ta fi ci a lokacin rani da iska ke bushe, wato daidai lokacin da kayan gwari ke cika kasuwa suna ruɓewa.

Uwargida, na san tun ɗazu kina cewa duk wannan zancen fitila ne, ni wutata itace ce. Gaskiyarki. A yawancin gidajenmu makamashin da aka fi ƙonawa yana ƙarƙashin tukunya, kuma hayaƙinsa a ƙirjinki da na goyonki yake ƙarewa. Itacen da gawayin kuma daga dazukanmu suke fitowa, har da gefen Falgore, dajin da ke riƙe ƙasa kada ta zaizaye ta cike Tiga da yashi. Murhun duwatsu uku yana barin yawancin zafi ya tsere ta gefe. Murhu mai rufaffen ciki, ko na ƙarfe irin Save80 da aka yi shi don ya rage cin itace da kashi 80 cikin 100, ko na laka da mata ke ginawa da kansu, yana tara zafin a gindin tukunya. Ga kuma wata dabara da ba ta cin ko sisi. Idan wake ko shinkafa ta tafasa sosai, a sauke tukunyar a rufe, a saka ta cikin kwandon da aka shimfiɗa wa tsummoki ko buhunan da aka cusa wa ɓuntun shinkafa, a lulluɓe ta ko'ina. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar, ke kuma ki kama wani aikin. Mutanen Tudun Wada, ku da ɓuntu ke tsibi a bakin injinan casa, ba ku da uzuri a nan. Kuma maigida, in za a yi shawarar abin da za a saya, a zauna da uwargida. Ita ta san jarka nawa ke shiga gidan nan a yini, ita ta san ɗaurin itace kwana nawa yake yi. Lissafin da na'ura za ta nuna maka, ita ta daɗe da haddace shi.

Kafin lokaci ya ƙwace mana, ga jan kunne game da saye. Akwai kamfanonin da ke ba da sola a biya kaɗan-kaɗan ta waya, in an daina biya na'urar ta kulle kanta. Tsarin ya taimaki gidaje da yawa, amma kafin ka sa hannu ka tambayi jimillar abin da za ka biya har ƙarshe, da wanda zai gyara in ta lalace, da inda yake zaune. Duk na'urar da ba ta aiki sai da intanet, ka tabbata tana da makunnin hannu, don ranar da sabis ya ɗauke kada ka rasa ruwa a gidanka. Kasuwa kuma cike take da farantai da baturan da aka rubuta musu ƙarfin da ba su da shi. Araha ba ta ado. A je da wanda ya san aikin, a gwada a gabanka, a karɓi takardar garanti. Matasanmu da ke neman sana'a, ga ta nan: haɗa sola, da saka makunnin tanki, da gyaran sumo. Kowace gunduma tana buƙatar mai wannan hannun a kusa, ba sai an jira wani daga Kano ba.

Batirin da ya mutu kuma kada a fasa shi a gida, kada a bar yara su yi wasa da shi, kada a zubar da ruwansa kusa da rijiya. Akwai dalma a cikinsa. Ba mu manta da abin da gubar dalma ta yi a ƙauyukan Zamfara a 2010 ba, inda yara sama da 400 suka rasu. Can daga dutsen zinariya ta fito, amma gubar ɗaya ce, kuma ƙwaƙwalwar ƙananan yara take fara taɓawa. A mayar da tsohon batir wurin dillalin da aka saya, a rufe yadda yake, yawancinsu ma suna karɓa su rage maka kuɗin sabo.

Jama'a, a nan za mu dakata. A shiri na gaba, in Allah Ya kai mu, za mu duba yadda kwamitin unguwa zai tara kuɗin gyaran burtsatse tun kafin ta lalace, da wanda ya kamata ya riƙe asusun.

[Kiɗan rufe shiri]